Ƙofar Sauri

Shekara goma sha tara ina jan waya a garin nan,
daga Rafindadi har Sabuwar Unguwa,
ban san da wuta a cikin gidan jikina ba
sai ranar da Bara'atu ta liƙa mini wayoyi goma,
ta ce, Mannir, kwanta. Ban da motsi, ban da tari.

Takarda ta fito tana rarrafe,
tudu, kwari, tudu, kwari,
kamar kunyoyin gyaɗa bayan huɗa.

Ta ce kowace ƙwayar tsokar zuciya birni ce da ganuwarta.
A waje gishiri ya yi dafifi,
sodiyam, in ji 'yan boko,
yana jiran mai gadi.
Ƙofa ta buɗe, ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa,
ya kwarara ciki, wuta ta kama.
Maƙwabciya ta ji, ta zare nata sakatan,
ta gaba ma haka,
har nama duka ya dunƙule wuri guda.
Bugu ɗaya ke nan.
Sai a tura ƙyaure, a sallami baƙi,
a sake jira.

Na ce, ashe Ƙofar Sauri ba ɗaya ba ce a Katsina.
Ba ta yi dariya ba.
Idonta na kan wani layi
inda tudun ya yi ƙusumbi, ya ƙi sauka da wuri.

Yayana Nafi'u ya ci tuwonsa,
ya yi shafa'i da wutiri,
ya kwanta, rediyo a gefen kai.
Da asuba rediyon na ta magana shi kaɗai.
Shekararsa talatin da huɗu.
Unguwa ta ce iska ce.
Likita ya ce akwai gidajen da ake gadon ƙofa mai cijewa
yadda ake gadon wushirya.

Ni da nake gano wayar da ta tsinke
a cikin bango, ta bayan siminti,
ga layi a ƙarƙashin haƙarƙarina
da filayata ba ta isa.

Jiya da dare aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku, ta tsaya.
Na aza tafi a ƙirji cikin duhu,
ina jin ana buɗewa, ana rufewa,
ba janareto, ba mita, ba mai kawo takardar kuɗi.

Murja na barci a tabarma kusa da ni.
Wushiryar Nafi'u ce a bakinta.
Ranar Laraba zan kai ta wajen Bara'atu.