Sha Takwas Zuwa Ɗari Biyu

Wata bakwai ina tari a gwangwanin madara,
ɗan abin da na samo wurin suna da saukar karatu.
In cire na hatsi, in cire na man babur,
saura in danna ciki, in kau da kai daga kallonsa.

Kyamarata ta tsufa, amma ba ta ƙarya,
idonta ne gajere.
Ran da belbela ta sauka a gadon bayan sa, can Kwalkwalawa,
na ɗauka, na duba, sai ɗigon alli.
Abin da na gani da idona, ita ta baro shi nesa.

Shagon Jelani, bayan tsohuwar kasuwa,
fanka tana juya zafi, ba ta korarsa.
Ya shimfiɗa tsumma, ya jera min ido uku
kamar mai tallan albasa.

Na fari dogo ne, fari, da nauyin taɓarya.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa a hankali.
Na ce, Jelani, ido na zo saya, ba fili a Mabera ba.
Na mayar da hannu biyu, na ajiye masa.

Na biyu tagwaye ne, gajere da dogo, a riƙa sauyi.
Amma na san Kara ranar kasuwa:
kafin ka kwance wannan ka ɗaura wancan
ƙurar kofato ta shige ciki,
raƙumin da ya yi hamma ya rufe bakinsa.

Na ukun ɗan Kwatano, robar wuyansa ta saki,
wani ya sha yawo da shi a wata ƙasa.
Sha takwas zuwa ɗari biyu, haka aka rubuta.
Murɗa hagu, ɗaki duka ya shigo har da masu leƙe,
murɗa dama, ga ladan can bisa.

Jelani bai ɓoye min ba.
"Wanga mai komi da ruwanka na, Malam Haliru.
Kowane aiki shina yi, ba wanda yag gwanance.
In ka ja shi ƙarshe, hoto shi yi laushi,
bayan magariba ko dundumi garai,
sai ka jingina ga bango, ka riƙe numfashi, ka lallasa."

Na haska fitilar waya ta cikinsa, ina neman hunhuna.
Babu, sai ƙura biyu da ba su kai ƙwayar gero ba.
Na fito bakin titi, na auna wata tirela,
na karanta abin da aka rubuta a bayanta
tun ba ta ƙaraso ba, har ta wuce da busa.

Da na sunkuyar da shi sai ya zame da kansa,
ya zuro wuya kamar kunkuru.
Jelani ya yanko tsohon tub na keke, ya ɗaura.
Araha ba ta ado, na sani,
amma wanda bai da doki ba ya raina jakinsa.

Ɗari da talatin. Albarka.
Da sha biyar. Albarka.
Na juye gwangwanin a kan tebur, mu biyu muka ƙirga:
ɗari da sha takwas, da wata ɗari biyar mai faci.
Ya dube ni, ya dubi kuɗin, ya tura su aljihunsa.

Da asuba ina bakin gulbi.
Bube yana tsakiyar ruwa, a tsaye cikin kwalekwale,
ya karkace, ya watsa birgi.
Na ja har ƙarshe, hannuna na rawa, na latsa.

Hoton bai fita tas ba.
Gefensa ya yi hazo, igiyoyin birgin sun narke cikin haske.
Da ya fito na nuna masa, ya goge hannu a riga,
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Wagga tsayuwar babana ta."
Ya matso da fuskarsa kusa.