Kwalba ta Tamanin da Bakwai

Ni ce bakin likita, ni ce kunnen tsohuwa.
Tsakaninsu nake zaune, a kan benci mai sanyi,
a ɗakin shan magani na wani ƙauye a gaɓar tafkin Titikaka,
inda iska ba ta cika ƙirji sai da lallashi.

Dakta Ibarrola ya zo da akwatin ƙanƙara
da kwalabe ɗari biyu, kowacce da lambarta.
So yake ya san yadda jinin mutanen tudu
ke riƙe numfashi a inda baƙo ke haki.
Nufinsa alheri ne, na shaida,
sai dai kyakkyawan nufi ba ya sa hannu a madadin kowa.

Asunta Yapura ce ta tamanin da bakwai.
Ta sauke ƙunshin dankalinta, ta gyara zaman hula.
Na kwashe mata shafi huɗu
daga Sifaniyanci zuwa Aimara, layi bayan layi:
jini cokali biyu za a ɗiba,
wannan ba magani ba ne, gwiwarki ba za ta daina ciwo ba,
sunanki zai ɓuya a bayan lamba,
in kin ƙi, ba mai sauya miki fuska a asibitin nan.

Ta ce, "Tambaye shi, ina jinin zai kwana?"
Ya ce a firji, a wani birni bayan teku.
"Har yaushe?"
Shekara goma.
Ta yi dariya, haƙori uku suka leƙo.
"Ni kaina ban yi wa shekara goma alkawari ba.
In ƙasa ta rufe ni, wa za a tambaya
ranar da wani ya buɗe kwalbar da tasa tambayar dabam?"

Likita ya dubi agogo, ya dube ni.
Jirgin ruwan komawa na ƙarfe huɗu ne,
mutum goma sha uku na jira a waje.
A nan jarrabawa ta hau kan harshena.
Kalma ɗaya kawai zan tausasa,
in mai da "wataƙila" ta koma "tabbas",
in ce ai kowa ya bayar, har Eulaliya maƙwabciyarki.
Wa zai kama ni?
A ɗakin nan ni kaɗai ke da harshe biyu.

Na haɗiye yawu.
Na miƙa masa maganarta yadda ta fito,
ban ɗiga mata zuma ba.

Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya buɗe shafi na uku, ya ɗora yatsa
a kan wani layi siriri da ido ke tsallakewa:
a adana jinin, ko a zubar in an gama.
Ya ce, "Zaɓinta ne. Laifinmu ne da muka ƙanƙanta rubutun.
Gaya mata ta tafi da takardar, ta kwana da ita."

Ta naɗe ta a mayafi tare da dankalin.

Ranar kasuwa sai ga ta da jikarta, Nilda,
'yar aji shida mai tawada a yatsa.
Yarinyar ta karanta shafi huɗun da ƙarfi,
tsohuwa ba takardar take kallo ba, ni take kallo.
Ashe ba likita aka zo gwadawa ba.

Da aka kai ƙarshe ta gyaɗa kai.
"Ba ki rage ba, ba ki ƙara ba.
Faɗa masa na gode. Faɗa masa a'a."

Ban tambaye ta dalili ba, takardar ta hana.
Likita ya miƙe ya ba ta hannu,
ya mai da kwalbar akwati, wayam.

Ita kuwa ta bi layin masu karɓar magani,
aka ba ta man shafawar gwiwa
kamar kowace ranar kasuwa.