Ƙugiyar da Ta Ɓata a Shomolu

Ruwa ya tsare mu a rumfar Sallau,
Agege ta zama tafki har bakin layin dogo.
Tuta ta iso daga Shomolu tun daren jiya,
yadi shida, kore da ruwan goro,
muka ware ta bisa benci tana warin fenti.

Malam Ilu ya gyara tabarau, ya kai yatsa:
"Ina ƙugiyar?
Jam'iyyar Rainon Ƙasa muka aika,
Baba Sikiru ya buga mana Rainon Kasa.
Injinsa bai san ƙa mai lanƙwasa ba.
Ga mu nan, maciji muka goya,
mai barci a hanya, a taka shi ya kai sara."

"Ku gode Allah," in ji Sallau,
"da bai mai da raino raini ba."

Tanimu ɗan acaba ya matse hularsa:
"Malam, bar harafi, dubi aiki.
Ran da aka kwashe babura arba'in a ƙarƙashin gada,
wa ya je Alausa da ƙafarsa?
Ciyaman Ɗanliti. Ya dawo da bakwai."
Sallau ya ɗaga kofi, shayi ya zubo kamar igiya:
"Biyar na ƙannen matarsa ne."
"Na shida nawa ne," in ji Tanimu,
"da shi 'ya'yana suka karya yau."

Ba wanda ya tanka. Kwano na ta kuka a kanmu.

Can Malam ya sake jan zaren:
"Rainon ƙasa. To, wa ke rainon wa?
In an ce kiran Malam,
ko ni na kira, ko ni aka kira.
Wannan ɗan harafin da ke liƙe a gindin kalma
ɗan dako ne, kayan kowa yake ɗauka.
Shekara takwas ina kallo:
ƙasa ce ɗaure da zanen goyo,
jam'iyya a bayanta,
ta yi haƙora, ta yi gemu, ta ƙi yaye."

Laraba mai waina tana fifita gawayi,
ko ɗago kai ba ta yi ba:
"Ni ban yi makarantarku ba, amma ina da kunne.
Ran da aka ci mazaɓa, kuka ce ya ci.
Ran da aka sha kaye, kuka ce ta faɗi.
Nasara da hula,
faɗuwa da ɗankwali."

Aka tuno taransifomar bara:
ta zo, an yanka rago, an ɗauki hoto,
ta koma a motar da ta kawo ta.
Tanimu ya ce, "Kwatar nan fa, wa ya yashe ta?"
Muka dubi ƙafafunmu.
Ruwa ya wuce idon sawu,
ledar burodi na iyo tsakanin takalma.

Sai ga jif ta keto ruwa, gilashi ya sauka rabi.
Muka ɗaga masa tuta, mutum huɗu.
Ciyaman ya duba, ya daɗe yana dubawa,
har Malam ya fara murmushi.
"Kai," ya ce, "hotona ya yi ƙanƙanta."
Gilashi ya hau.

Ni tela ne, kalmasa baki kawai aka ba ni.
Amma na ga Malam Ilu ya sunkuya
ya zaro gawayi daga murhun Laraba,
ya hura shi, ya jira ya huce,
ya lanƙwasa wa harafin kai a hankali
kamar mai gyara wa jika hula.

Tanimu ya naɗe tutar, ya ɗaure a bayan babur.
Har yanzu ana yayyafi,
kuma filin taron da nisa.