Tsakanin Fari da Baƙi

A hawa na uku, a birnin Tbilisi,
inda taga ke leƙen kogin Kura,
Tamta ta shekara biyu da tambaya ɗaya:
me ke sa sauti ya yi kyau?

Littattafan sun fi ta nauyi.
Na farko ya ce lissafi ne.
Wai wani tsohon Bagirke ya bi ta maƙera,
ya ji guduma na amsa wa guduma,
ya koma gida ya ɗaure tsirkiya,
ya danne ta a tsakiya,
sai ta maimaita muryarta daga sama.
Biyu bisa ɗaya. Uku bisa biyu.
Har taurari, in ji shi, da wannan awo suke juyi,
kunnenmu ne ya saba, ya daina ji.

Na biyu tsoro ya kama shi.
Ya ce wa masu mulki: ku tsare ƙofar kunne,
ranar da karin waƙa ya sauya
ganuwar birni ma sai ta motsa.

Masu ibada a ɗakunan dutse
suka ce tsani ne, da numfashi ake hawa.
Bayansu masu gashin aro suka zo,
suka ce a'a, harshen zuciya ne.
Wani ya daki tebur: ba ya nufin komai,
kansa kawai yake faɗi!
Kowane ƙarni ya leƙa rijiyar,
ya ga fuskarsa,
ya ce ya ga ruwa.

Wata Laraba, ƙanƙara ta hana motoci hawa tudu,
Farfesa Otar, alli a hannun rigarsa,
ya sauka da ita ɗakin ƙasa,
ya zaro mulmulallen kaki daga cikin auduga.
Shekara ɗari da 'yan kai.
Allura ta sauka.
Da fari kamar yayyafi kan rufin kwano,
sannan maza uku, manoman Guriya:
ɗaya a ƙasa, da nauyin sa mai jan garma,
ɗaya a tsakiya yana ba da labari,
na ukun tsattsewa, ba ya sauka.

Tamta ta ruga ga fiyano tana neman muryoyin.
Ba su nan.
Suna can tsakanin fari da baƙi,
a tsagar da yatsa ba ya shiga.
Ta ce, sun kauce, kuskure suka yi.

Otar, wanda kunnuwansa suka riga shi ritaya,
tafinsa na kan akwatin, da fata yake saurare.
Ya ce, kuskure ɗaya, a wuri ɗaya,
baiti bayan baiti, su ukun?
'Yata, fiyanon ne baƙo a ɗakin nan.

Da hutu ta hau jirgin ƙasa zuwa yamma.
Ta iske kakarta Tsiyala tana cuɗa fulawa,
cuku a kwano, wuta na ci a murhu.
Ta yi mata tambayar, da kunya,
kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta.

Tsohuwa ba ta ɗago ba.
Ni ban san kyau ba, in ji ta.
Na dai san tun da ƙanwata ta rasu
waƙar nan ta ƙi tsayuwa.
Rabona ne kawai a bakina.
Murya azara ce, yarinya,
sai ta jingina da 'yar'uwarta take ɗaukar rufi.

Ta fara, can ƙasa-ƙasa.
Tamta ta shiga, ta faɗa kan farin maɓalli,
daidai yadda makaranta ta koya mata.
Hannu mai gari ya ɗaga haɓarta kaɗan.
Ƙara. A'a, rage. Nan.

Gilashin taga ya yi rawa.
Burodi ya ƙone ta gefe ɗaya.

Babi na uku yana cikin jaka a bakin ƙofa,
shafi arba'in, da jan biron Otar,
da tambayar, yadda take, ba a taɓa ta ba.