Murna Biyu

Ruwan Agusta ya kwana uku a kan kwanon shagona,
rafin Dilimi ya cika, laka ta hau har bakin ƙofa.
Ni da jan kwali muna ciki, mun rufe taga.
Kati ɗari biyu da ashirin, kafin Juma'a.

Injin ɗan ƙarami ne, da mariƙi a gefe,
wanda ya leƙo sai ya ce taliya nake murzawa.
Faranti a ƙasa, ƙarfen yanka, kwali, faranti a sama,
in tura, in juya, in ji ƙaras
kamar akuya ta taka busasshen kara.
Ba ruwansa da nepa. Kafaɗata ke biyan kuɗin wuta.

Kakana kuza ya haƙa a Bukuru har ƙirjinsa ya gaza,
jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa inda bai taɓa gani ba.
Yau ga ƙarfe ya dawo mini a ambulan daga Sin,
siriri kamar farce, bakinsa da kaifi,
an lanƙwasa shi harafin da ban iya karantawa.

Amaryar, Rumasa'u, shekara shida ta yi can karatun likita.
Ta dawo da shan ruwan zafi tsura, ba ganye ba sukari,
da kuma son ja. Ta ce, Anti Ladingo, jawur nake so,
da ruwan gwal a baki, da fitila mai geza,
tsuntsaye biyu masu dogon wuya a kusurwa.
Uwar ango ta gyara mayafi: to ina Bismilla za ta zauna?
Na ce a sama, Hajiya, inda ta saba.

Arba'in ɗin farko a kife na manna.
Ni dai tagogin gidan sama na gani,
ko tsani biyu da aka jingina da juna.
Rumasa'u ta shigo, lemarta na ɗiga,
ta duba, ta yi dariya har da dafa tebur:
Anti, kin sa ango da amarya tafiya da ka!
Ta juya shi. Ta ce kalma ɗaya ce, murna,
aka rubuta sau biyu, kafaɗa da kafaɗa,
wannan layi na tsakiya kuma hannun da suka riƙe.

Daren nan da reza na ɓamɓare kuskurena,
gam ya bushe a yatsu, shayi ya huce a kofi.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa ba sallama.
Wajen na ɗari da tamanin kwali ya gaza,
ya ƙare a tsakiyar ƙarfe,
rabi kawai ya fito.

Na kai hannu kwandon shara, sai na tsaya.
Bikina ba kati. Goro aka raba da alawa,
Sambo ya ari keke ya zaga gari da baki.
Shekara tara ke nan rigarsa na ƙasan akwati,
har yanzu in na dama kunu, na mutum biyu nake damawa.

Da safe na miƙa mata: wannan fa, lalatacce ne?
Ta karɓa, ta ɗaga shi wajen haske.
Ta ce a'a, ko shi kaɗai yana karantuwa.
Murna.

Ban ce komai ba. Na lashi yatsa, na ɗan sa gam,
na liƙa shi a gilashin taga, daidai wannan karon.
'Yar mai ƙosai ta zo tsintar jajayen ɓarɓashi
wai za ta yi wa 'yar tsanarta lalle.
Ruwa ya ɗauke. Saura kati arba'in.
Na shafa wa kafaɗa man zafi, na kama mariƙi.