Ƙarshen Fim a Teburin Mai Shayi

Daren Asabar a Gangare,
bango muka samu, da farin zanen gado
da Hajjo ta ara mana bisa sharaɗin kar ya taɓa ƙasa.
Kujera ɗari biyu, benci ɗari,
marar ko sisi ya ɗare katangar Gyang.

Sanyin Jos ya shigo ba tikiti,
ya zauna tsakaninmu.

Ana tsaka da kallo,
jarumin ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofa,
sai janareta ya yi tari biyu, ya mutu.
Mai ya ƙare, in ji Sabi'u mai haskawa,
gidan mai kuwa sai gobe.

Muka kwashi ƙarshen da ba mu gani ba
muka kai teburin Ɗan'azumi mai shayi.
Iliya mai gyaran agogo ya ce fim ɗin ya cika jan ƙafa,
minti arba'in mutum na neman takalminsa!
Nanret ta ce ai nan daɗin yake,
wanda bai taɓa jiran wani ba ina zai gane.
Wani ya rantse matar ce za ta buɗe,
wani ya ce gidan ba kowa,
tun farko an nuna kwaɗo a ƙofa, ku ne ba ku lura ba.

Ni dai shayina ya huce ban kurɓa ba.
Har yau in na bi ta bangon
sai in ga hannun nan a sama,
bai ƙwanƙwasa ba, bai sauka ba.