Dariyar Fari

Wata uku Yanaba na ɗaure a allon goyo,
ba uhm ba uhm-uhm, sai kallo.
Kowa na kaffa-kaffa da yi mata wasa,
don a wajenmu Dine
wanda ya fara sa jariri dariya
shi ke ɗaukar nauyin biki.

Kawu Hoskie, sarkin ƙwauro,
ya shigo hogan yana kakkaɓe jan rairayi,
ya yi tuntuɓe da kwandon masara.
Sai ƙyal-ƙyal!

Tunkiyarsa guda ta tafi ke nan.

Yau an ɗora gishiri a tafin hannunta,
muna wucewa, muna karɓa.
Kaka ta ɗanɗana, ta ce:
"A Hwéeldi, hannun soja,
uwata ta yi tata dariyar.
Babu gishiri ranar.
Hawaye aka lasa."